Labarin da Mai Kiwon Kifi Ba Ya Son Bayarwa

Mai gonar dawa ba ya iya ɓoye halin da gonarsa ke ciki. A fili take, duk wanda ya bi hanya zai ga ganye ya yi ja ko wuta-wuta ta fito, kuma kafin la'asar an samu dattijon da zai gaya masa abin yi, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Mai kiwon kifi ba shi da wannan gata. Kwaminsa na bayan katanga, abin da yake kiwo kuma na ƙarƙashin ruwa. Idan kifi ya fara mutuwa shi kaɗai ya sani, sai yaron da ke kwashewa da sassafe ya kai bayan gida ya binne. Ina kiwon tarwaɗa a wajen birnin Kano, na kuma zauna da masu wannan sana'a da dama. Yawancin waɗanda na ga sun bar ta suna da ruwa, suna da ɗan jari. Abin da ya kore su matsala ce da wani mai kiwo a unguwa ta gaba ya riga ya sha, ya san maganinta, ya yi shiru.

Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a 2022 ne karo na farko da abin da aka kiwata na kifi da sauran dabbobin ruwa ya zarce wanda aka kamo a teku da koguna: tan miliyan 94.4, wato kashi 51 cikin 100. Kusan kashi tara cikin goma na wannan daga Asiya ya fito. Afirka gaba ɗayanta tana wajen kashi 2 cikin 100. A Najeriya ana ƙiyasta muna buƙatar kusan tan miliyan 3.6 na kifi a shekara, abin da muke samarwa kuwa, da na su da na kiwo, bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba. Shi ya sa daskararren kifin ƙasashen waje ya cika kasuwanninmu. Kuma ba jiya muka fara kiwon kifi ba. Tun farkon shekarun 1950 aka haƙa gonar kifi ta Panyam a Filato.

Su waye ke shiga wannan kiwo a garuruwanmu? Ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama, matashin da ya gama makaranta bai samu aiki ba, matar aure da ta kafa tamfol a tsakar gida. Masunta suna da gado, suna da sarkin ruwa, ɗa yana koyo a cikin jirgin ubansa. Waɗannan sababbin shiga ba su gaji kowa ba. Malaminsu na farko shi ne wanda ya sayar musu da 'ya'yan kifi, na biyu mai shagon abinci, na uku mai magani, na ƙarshe dillalin da zai zo da sikelinsa. Ba na cewa mutanen nan duk macuta ne, akwai na kirki da yawa a cikinsu. Amma kowannensu yana da abin da zai samu daga shawarar da ya bayar, kuma mai kiwo ba shi da wani wanda zai auna maganarsu da shi.

Ɗauki maganar iri. Ɗan tarwaɗa mai tsawon yatsa, na kirki da tsumburarre, kamanninsu ɗaya a idon baƙo. Wasu masu ƙyanƙyasa sukan tsince masu saurin girma su ajiye, su sayar da ragowar. Wanda ya saya ba zai gane ba sai bayan wata biyu, lokacin da buhunan abinci sun tafi kifi bai motsa ba. Abinci kuwa shi ke cin kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa, saboda haka kuskuren da aka yi ranar sayen iri ana biyansa da kowane buhu har ranar kwasa. Mutum uku a unguwa ɗaya za su iya sayen iri a wuri ɗaya, su yi asara iri ɗaya, kowa yana zaton shi ne bai iya ba.

Haka sauran abubuwan. Tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta, idan ba a ware manya daga ƙanana a makonnin farko ba, wanda ya zuba dubu zai iya ƙirga ɗari shida ba tare da ya ga gawa ko ɗaya ba. Ruwan burtsatse yakan fito da ƙarancin iska, yana so ya ɗan sha sarari kafin a zuba wa ƙananan kifi. Da hunturu ruwa kan yi sanyi, kifi ya rage ci, mai shi ya ci gaba da watsa abinci kamar da, abincin ya ruɓe a ƙasa ya ɓata ruwan, sai a ce cuta ce a garzaya shagon magani. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar digiri. Jimla biyu ce daga bakin wanda ya taɓa gani.

Misalin da ya fi tsaya min a rai daga Indiya yake, kuma ba ma na kifi ba ne, na jatan lande ne. A shekarun 1990 wata cuta mai sa fararen ɗigo a jikin jatan lande ta durƙusar da ƙananan masu kiwo a jihar Andhra Pradesh. Tafkunansu a jere suke, suna ɗiban ruwa daga magudana ɗaya. Wanda cuta ta shiga tafkinsa sai ya yi gum, ya kwashe abin da zai iya, ya saki ruwan cikin magudana da dare, maƙwabci ya jawo shi da safe. A 2002 hukumar Indiya mai kula da fitar da kayan teku, MPEDA, tare da wata ƙungiyar ƙasashen Asiya da ake kira NACA, suka fara gwaji a ƙauyen Mogalthur da manoma biyar kacal. Ba su kawo sabon magani ba, domin cutar ba ta da magani. Sun sa mutanen sun yi yarjejeniya ne: za su gyara tafki lokaci ɗaya, su sayi iri tare daga wurin da aka gwada shi a ɗakin bincike, su zuba lokaci ɗaya, su riƙa zama a kai a kai kowa ya faɗi abin da ya gani. Sharaɗin da ya fi nauyi shi ne duk wanda cuta ta ɓulla a tafkinsa dole ya sanar nan take, kuma ba zai saki ruwa ba sai da sanin sauran. Zuwa 2006 manoma sama da 700 ne a cikin tsarin, kuma a tafkunan da ake bin ƙa'idar yawan ɓullar cuta ya sauka daga sama da kashi 80 cikin 100 zuwa ƙasa da kashi 20. A 2007 gwamnatin Indiya ta kafa cibiya ta musamman domin ci gaba da wannan aiki.

Ina yawan tunanin mutumin farko da ya miƙe a gaban maƙwabtansa ya ce, tafkina ya kamu. Wannan shi ne aikin gaba ɗaya. Duk sauran, ɗakin bincike da jami'ai da takardu, suna jiran wannan maganar ce ta fito.

Ita NACA ɗin abin dubawa ce. Ta fara a matsayin shirin Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1990 ta zama ƙungiyar gwamnatoci mai zaman kanta da hedikwata a Bangkok. Dabarar ita ce kada kowace ƙasa ta sake ƙirƙiro abin da maƙwabciyarta ta riga ta sani. Cibiyar Wuxi a Sin ta shahara wajen haɗa kiwon kifi da noma da kiwon dabbobi, ta Bhubaneswar a Indiya ta ƙware a kifin ruwan daɗi, sai su riƙa horar da mutanen juna. A 1998 kuma ƙasashen suka fara tattara rahoton cututtukan dabbobin ruwa duk wata uku, kowa ya ga abin da ya ɓulla a wurin ɗan'uwansa. Amfanin irin wannan ya fito fili lokacin da aka gano wata sabuwar ƙwayar cuta mai kashe karfasa a Isra'ila a 2014. Cikin 'yan shekaru aka same ta a Kudancin Amurka da Asiya da Afirka, a 2017 FAO ta yi gargaɗi ga duniya. Ƙasar da ke cikin jerin masu samun labari tana iya tsaurara bincike a kan irin da ake shigo mata da shi. Wadda ba ta ciki sai ta ga gawa.

A nahiyarmu Masar ce kan gaba, tana kiwata sama da tan miliyan ɗaya da rabi a shekara, mafi yawa karfasa. Cibiyar WorldFish da ke Abbassa ta gudanar da wani shirin horo a farkon shekarun 2010 inda aka fara koyar da wasu daga cikin mutanen yankin, su kuma suka koyar da manoma sama da 2,000 a bakin tafki. Da aka zo aka auna, waɗanda aka horar ba su fi sauran yawan kifi sosai ba, amma sun fi su riba, saboda sun daina ɓarnar abinci da taki.

Kusa da gida akwai Eriwe, a Ijebu-Ode ta jihar Ogun. A 1999, ƙarƙashin inuwar sarkin Ijebu, Awujale Oba Sikiru Adetona, tare da masanin nan Farfesa Akin Mabogunje, mutanen Ijebu suka kafa wata ƙungiyar yaƙi da talauci, daga baya ta ware fili mai faɗin sama da hekta 150 domin kiwon tarwaɗa. Ɗaruruwan masu kiwo ne a wurin, an raba su ƙungiya-ƙungiya, tafki kusa da tafki. Suna samun rance a ƙungiyance, amma a ganina babbar ribar wurin ita ce babu katanga. Sabon shiga yana ganin yadda tsohon hannu ke ware kifi, kuma dillali ba zai iya gaya wa mutum biyu farashi biyu ba, domin za su haɗu kafin azahar.

To mu fa? Za a ce ai muna da ƙungiyoyi, muna da zaurukan WhatsApp. Ina cikin wasu. Abin da ya cika su talla ne da hoton kifi mai kilo biyu a hannun mai shi yana murmushi. Idan wani ya yi ta-maza ya ce kifinsa na mutuwa, kafin a tambaye shi yaushe ya canza ruwa, guda nawa ya zuba a kwami, nawa yake ba su, an jero masa sunayen magunguna biyar. Haka ake ɗura wa kifi maganin kashe ƙwayoyin cuta na mutane da na kaji ba bisa ƙa'ida ba, a kwashe shi kafin maganin ya fita daga jikinsa, mu da 'ya'yanmu mu ci. Wannan yana damuna ƙwarai, domin ranar da masu saye suka fara tsoron kifin kiwo, da mai laifi da marar laifi duk za mu sha.

Ilimin kansa akwai shi. Cibiyar binciken kifin ruwan daɗi da ke New Bussa, wadda ta samo asali daga aikin binciken tafkin Kainji a 1968, ta tara sani mai yawa, haka jami'o'inmu. Amma da Turanci yake, a cikin mujallun masana, kuma malamin gonar da ya san kifi ba ko'ina ake samunsa ba. Ga rediyo a kowane gida. Shirin rabin awa a mako, da Hausa, inda mai kiwo zai bugo waya ya faɗi abin da ya same shi masani ya amsa, ba tare da mai sayar da abinci ne ya ɗauki nauyin shirin yana cusa hajarsa ba, zai kai inda taron bita a otal ba zai taɓa kaiwa ba. Matan da ke kiwo a cikin gida kuwa sai an samu mata 'yan'uwansu da za su shiga su ga kwamin da idonsu.

Amma ba sai mun jira gwamnati ko gidan rediyo ba. Mutum goma a unguwa ɗaya sun isa, kamar yadda biyar suka isa a Mogalthur. Kowa ya sayi littafi ya riƙa rubuta abu biyar: inda ya sayi iri da ranar, nawa ya zuba, nawa suka mutu, buhu nawa suka ci, kilo nawa ya kwasa da farashin da aka saya. A zauna sau ɗaya a wata a buɗe littattafan. Na san inda gizo ke saƙar: ba wanda ke son ya kama sunan mai ƙyanƙyasa ya ce irinsa ba kyau, gari ɗaya ake, ana haɗuwa a masallaci da wurin biki. Littafi yana ɗauke wannan nauyin. Idan mutum huɗu sun saya a wuri ɗaya kuma duka huɗun sun ci buhu da yawa sun kwashi kaɗan, ba sai wani ya zargi wani ba. Mai ƙyanƙyasa na kirki ma ya samu shaidar da babu tallar da za ta ba shi.

Daga nan sauran abubuwa ke biyowa. Goma za su iya sayen abinci a sari maimakon buhu ɗaya-ɗaya. Za su iya haɗa kuɗi su sayi kayan gwada ruwa da sikeli nasu na kansu, a daina dogara da na mai saye. Za su iya tsara ranar kwasa, domin a yanzu kusan kowa na zuba iri lokaci ɗaya da nufin azumi ko sallah, kifi ya cika kasuwa a mako ɗaya, farashi ya faɗi, kuma tarwaɗar da ta isa sayarwa kullum sai ta ci, mai ita ba shi da ƙarfin cewa zai jira. Idan an san wane zai kwasa a wannan mako wane a mako mai zuwa, an kuma san matan da ke banda da za su ɗauki ƙanana, wanda kifinsa ya isa yana da inda zai kai shi idan farashin da aka yi masa a ƙofar gida bai yi masa ba.