Noman Waken Rumfa a Lambun Gida

Magidanta da yawa a birane sukan ce rashin fili ne ya hana su noma. Waken rumfa bai bukatar wani fili mai yawa. Gindin danga ko gefen rumfar tsakar gida ya ishe shi, domin sama yake yaɗo, har ya kai tsawon mita 3 ko fiye. Asalinsa daga Amurka ta Tsakiya da ta Kudu ne, Turawa kuwa suna kiransa da sunan Lima, babban birnin ƙasar Peru.

A dakata da shuka sai damina ta kankama. A zaɓi wurin da rana ke samu, wanda ruwa ba ya kwanciya, gama irin yakan ruɓe a ƙasa mai jiƙewa sharkaf. A yi kunya, a gauraya ta da ruɓaɓɓen takin dabbobi. Kada a cika masa takin zamani irin yuriya. Wanda ya yi haka zai sami ganye shar, amma 'ya'ya kaɗan. A kafa sanduna tun kafin shuka, don kada a yanke saiwa daga baya. A zuba ƙwaya 2 ko 3 a rami mai zurfin santimita 4, a bar tazarar kamar santimita 30 tsakanin ramuka. In ruwa ya ɗauke lokacin fure, a yi masa ban ruwa, in ba haka ba furen zai kakkaɓe. Bayan wata 3 zuwa 4 akan fara tsinka.

Wajen dafuwa ne ake son uwargida ta lura ƙwarai. Ɗanyen waken rumfa yana da guba irin wadda ke cikin rogo mai ɗaci. Alamunta su ne jiri da ciwon kai da amai, in ta yi yawa kuwa tana iya kisa. Saboda haka a jiƙa shi ya kwana, a zubar da ruwan, kada ma a ba dabba. A sake sabon ruwa, a tafasa shi sosai cikin tukunya a buɗe, domin gubar tana bin tururi ta fice. Kada a sauke sai ya yi laushi lilis. Wajibi ne kuma a hana yara tsinkar ɗanye suna ci, tun da yake a tsakar gida yake, inda hannunsu ke kaiwa.