Tsarin Shingaye a Na'urar Musayar Zafi da Tasirinsa ga Gudun Ruwa

1.0 Gabatarwa

Na'urar musayar zafi doguwar ganga ce ta ƙarfe wadda aka jera bututai a cikinta, kuma matatun mai sun dogara da ita ƙwarai. Wani ruwa yana bi ta cikin bututan, wani yana bi ta bayansu, zafi kuma yana ratsa jikin bututun daga mai zafi zuwa mai sanyi. Kalmar "ruwa" a nan ta haɗa da mai da duk abin da ke kwarara. Wannan maƙala ta dubi faifayen ƙarfen da ake gittawa a cikin gangar, waɗanda aka kira "shingaye".

2.0 Aikin Shinge

Shinge yana da ayyuka biyu. Na farko, yana tallafe bututai don kada su lanƙwashe ko su riƙa girgiza. Na biyu, yana hana ruwa miƙewa. Akan yanke gefe ɗaya na faifan, galibi kashi 25 cikin ɗari na faɗin gangar, a bar kafa. Idan kafar shingen farko tana sama, ta na biyu sai ta kasance a ƙasa. Ta haka ruwa yake hawa da sauka, yana gitta bututai, yana share siririn ruwan da ya lafe a jikinsu, wanda shi ne ke tare zafi.

3.0 Tazara da Tasirinta

Idan aka rage tazarar shingaye da rabi, gudun ruwa yakan ninka sau biyu. Amma bisa lissafin da Donald Kern ya tsara a 1950, ƙarfin ɗaukar zafi ba ya wuce ninki ɗaya da rabi, alhali asarar matsin ruwa takan kai kusan ninki 7. Wato famfo zai ci wuta mai yawa, riba kaɗan ce. Idan kuwa tazarar ta yi yawa, ruwa yakan kwanta a bayan shinge, datti ya taru, bututai su yi ta girgiza har su tsage. Saboda haka ƙa'idar ƙungiyar masu ƙera na'urar ta Amurka, TEMA, ta hana tazarar ta gaza kashi ɗaya cikin biyar na faɗin gangar.

Haka kuma, wani ɓangare na ruwan yakan sulale ta tsakanin shinge da bangon ganga ba tare da ya taɓa bututu ba. Hanyar lissafi ta Bell-Delaware, ta 1963, ta sanya wannan yoyo cikin ƙididdiga.

4.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa yawan shingaye ba shi ne ingancin na'ura ba. Ingancin yana ga tazarar da za ta fitar da zafin da ake bukata da matsin da famfo zai iya ɗauka.