Manhajar SSH da Dokar Fitar da Makamai ta Amurka

A farkon zamanin intanet, idan mutum yana son shiga wata kwamfuta da ke nesa, yakan yi amfani da manhajar Telnet ko rlogin. Matsalarsu ita ce kalmar sirri takan bi waya a fili, duk wanda ya laɓe a hanya zai karanta ta. A shekarar 1995 aka sace kalmomin sirri ta wannan hanya a Jami'ar Fasaha ta Helsinki da ke Finland. Wannan ne ya sa wani mai bincike a can, Tatu Ylönen, ya ƙirƙiro SSH, wadda ke juya saƙo zuwa rubutun da ba mai gane shi sai mai riƙe da mabuɗi.

To amma a lokacin, dokar Amurka ta sanya irin wannan fasaha cikin jerin kayan yaƙi. Ba a yarda a fitar da ita waje ba sai da lasisi, kuma abin da aka fi sassautawa shi ne mabuɗi mai bit 40. Irin wannan mabuɗi yana da fuskoki sama da tiriliyan ɗaya. Ga ɗan Adam wannan adadi ne mai ban tsoro, amma kwamfuta takan gwada su ɗaya bayan ɗaya har ta dace. Phil Zimmermann, wanda ya fitar da PGP a 1991, ya yi shekara uku ana bincikensa. Abin dariya, a 1995 aka buga rubutun manhajar tasa a littafi, domin dokar ba ta hana littafi ƙetare iyaka ba.

Saboda haka OpenSSH, wadda ta fito a 1999, daga Kanada aka rarraba ta, inda Theo de Raadt ke jagorantar aikin OpenBSD. Amurka ta sassauta dokar a Janairun 2000.

Sai kuma batun jituwa. Tsarin SSH-1 da SSH-2 ba sa jin yaren juna. Idan kwamfutoci biyu suka haɗu, kowace takan fara faɗin sunan manhajarta da lambarta, kamar sallama, sannan su jera hanyoyin ɓoye saƙo da suka iya, su zaɓi wadda suka yi tarayya a kai. In babu, zance ya ƙare. Shi ya sa masu gwaji ke haɗa manhajoji daban-daban su ga inda za a sami saɓani. Har jerin kurakuran wasu manhajoji OpenSSH ke ajiyewa, domin ta lallaɓa su idan ta gane su. An daidaita ƙa'idojin SSH-2 a 2006, kuma OpenSSH ta cire SSH-1 gaba ɗaya a 2017.

Tsohuwar dokar ta bar baya da ƙura. A 2015 masu bincike suka gano raunin da aka kira FREAK: ana iya yaudarar wasu shafukan intanet su koma ga raunanan mabuɗan nan na shekarun 1990, waɗanda aka manta ba a cire ba.