A Kula Kafin A Sa Wa Babur Soket Ɗin Caji

Jama'a masu karatu, musamman 'yan'uwanmu na Arewa da ke neman abinci a Ikko da Badun da sauran garuruwan Kurmi, yau za mu leƙa Mubi ta Jihar Adamawa, garin nan da ke gindin duwatsun Mandara, dab da iyakar Kamaru. Wanda ya san Mubi ya san kasuwar shanunta, inda ake loda manyan motoci su yo Kudu. Amma a ƙauyukan da ke kewaye da ita, ta wajen Maiha da Michika da hanyar Sahuda, babur shi ne dokin talaka. Shi ke kai buhu kasuwa, shi ke kai mara lafiya asibiti.

Tun da wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, sai wata sabuwar wahala ta biyo ta, wato caji. Ƙauyuka da yawa ba su da lantarki, a cikin gari kuwa wutar zuwa take ta tafi. Da yawa daga cikinku sun san zafin kiran gida a ji waya a kashe, alhali kuwa an aika da kuɗi ana jiran labari. Mutanen Mubi da suka watse cikin daji a watan Oktoba na 2014, lokacin da Boko Haram suka kama garin, sun fi kowa sanin darajar waya mai caji. Don haka ba abin mamaki ba ne a ga mai babur ya ɗaura ɗan soket a jikin kan babur ɗinsa, yana tafiya waya na shan wuta.

Dabara ce mai kyau, amma fa tana da ƙa'ida. Batirin babur bolt 12 ne, in inji na aiki ma wutar takan kai wajen 14. Waya kuwa bolt 5 take sha. Aikin soket ɗin ke nan, ya rage ƙarfin wutar. Saboda haka duk wanda ya yanke kan caja ya haɗa ta kai tsaye da batir, to, ya ƙone wayarsa da hannunsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaura soket a kan batir ba tare da ya bi ta makulli ba. Soket ɗin yana tsotsar wuta kaɗan-kaɗan ko da ba a sa masa waya ba, balle mai 'yar fitila. Batirin babur kuwa ƙarami ne. In mai amfiya 5 ne, to, cika babbar waya ɗaya kawai, inji a kashe, zai cinye kusan sulusin abin da ke cikinsa. Maƙwabta biyu su kawo tasu, da safe hon ya ƙi kuka, mai babur ya hau zagin batir, alhali batir bai yi laifin kome ba. Abin da ya dace shi ne bakanike ya nemo wayar da ba ta ɗaukar wuta sai an murɗa makulli, ya gwada ta da mita, sa'an nan ya jona. Kada ya taɓa wayar babbar fitila, don a ƙananan babura da yawa wutarta daga inji take zuwa ba ta hanyar batir ba, tana hawa tana sauka da gudun inji.

Sai fiyus. Wannan ɗan abu ne mai araha, amma shi ake fara yarwa don a rage kuɗi. Mai amfiya 2 ko 3 ya isa, a sa shi kusa da inda aka ɗauko wutar. Ku tuna wayar nan ta ƙarƙashin tankin fetur take bi. In ta goge a jikin ƙarfe ba fiyus, za ta yi zafi ta narke, ga fetur kuwa a kanta. A cire kan batir na baƙar waya kafin a fara aiki, a naɗe mahaɗa da kyau, a kuma zaɓi soket mai murfi saboda damina da ƙurar hunturu.

Da yawa daga 'yan acaɓanmu sun tura baburansu gida tun da Gwamnatin Jihar Ikko ta hana sana'ar a ƙananan hukumomi shida, har da Ikeja da Apapa, ran 1 ga Yuni 2022. In kai ma ka tura naka wa ƙane ko ɗa, to, ka kira shi ka ce ya kashe makulli ya jona waya. In ta ci gaba da caji, ya mai da babur ɗin wurin bakanike a sake aikin.