Ƙarfen Tarakta a Ƙarƙashin Mota: A Yi Hattara

Duk wanda ya san ƙasar Matazu da Malumfashi har zuwa Funtuwa ya san abin da damina ke yi wa hanya. Aikin raya noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da rancen Bankin Duniya, ya shimfiɗa hanyoyin karkara da dama, amma ruwan Agusta ba ya barin hanyar da ba kwalta. Don haka masu motocin da ke kwaso masara da auduga daga ƙauyuka su kan sa makaniki ya ɗaga musu mota, don kada cikinta ya riƙa dukan ƙasa.

To, ɗaga mota ba ƙara tsawon sifirin kaɗai ba ne. Motar da ke da sifirin mai naɗi, irin Land Cruiser 80, akwai hannuwa na ƙarfe da ke riƙe da aksul ɗinta. In an ɗaga jikin motar, sai aksul ya karkace, farfela ta soma kaɗuwa, sitiyari ya riƙa yawo. Maganin abin shi ne hannun da a ke iya ƙara wa tsawo ko a rage, amma tsadarsa ta fi ƙarfin talaka.

Nan ne dabara ta shigo. A bayan tarakta akwai ƙarfe uku da a ke rataya garma, tsarin da Harry Ferguson, mutumin Ailan ta Arewa, ya yi wa rajista a Ingila a 1926. Na saman yana da zare na dama a baki ɗaya, na hagu a ɗaya bakin. In an murɗa tsakiyarsa sai ya miƙe ko ya gajarce. Ramin ƙaraminsa milimita 19 ne, na babban kuwa kamar 25. Masu ɗaga motoci a Amurka sun daɗe suna ɗaura shi a madadin hannun aksul, kuma ga shi ba wuyar samu a inda taraktocin Massey Ferguson su ka yawaita.

Amma fa kowane ƙarfe da aikin da aka ƙera shi dominsa. Tarakta tana huɗa ne da tafiyar da ba ta fi sassarfar mutum ba, mota kuwa gudu ta ke yi a kan ramuka. Hannun mota yana da roba mai shanye girgiza. Na tarakta ƙarfe ne a kan ƙarfe, yashi ya shiga ya ci shi har ya yi sako-sako. Notin da ke kulle shi girgiza na iya kwance shi. In ya tsinke ana cikin gudu, aksul ya goce, ba direban da zai iya riƙe motar.

Saboda haka, malaman makaranta da akawuna, ku da jama'a ke jin maganarku, ku gaya wa direbobi: wannan dabara ta dace da amalanke da tirelar gona, da motar da ke tafiya a hankali cikin daji. Wanda ya ɗaura, ya ɗauki babban, ya ɗaure noti tamau, ya sa giris, ya duba kowace safiya, kada kuma ya yarda a yanke shi a yi masa walda. Motar da ke ɗaukar fasinja a kan kwalta kuwa, a saya mata nata na ainihi. Araha ba ta ado, balle a inda rayukan mutane su ke.