Turmin Ƙirya Ba Ya Ƙarya

A kasuwannin arewacin Zamfara, daga Kasuwar Daji zuwa ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis, ba a rasa gefen da aka jera turame da taɓare da ƙotoci da alluna. Dattijuwar da ta zo haɗa wa 'yarta kayan ɗaki ba ta fara da tayi. Sai ta kifa turmin, ta ƙwanƙwasa gindinsa, ta zura hannu ciki tana laluben tsaga, sannan ta ɗago kai: "Malam, ƙirya ce?" Mutuncin masassaƙi kacokan yana rataye da amsar da zai ba ta. Ƙirya icce ne mai tauri da nauyi, gara ba ta cinsa da sauƙi, shi ya sa maƙera ma suke neman gawayinsa. Wanda ya sassaƙa icce mai laushi, ya shafe shi da mai don ya yi duhu, ko ya sayar da ɗanye da sunan busasshe, iskar hunturu ce za ta tona masa asiri, domin turmin zai dare. Kuma mai sayen ta san inda yake zama ranar kasuwa.

Wasu za su ce ina fasaha a nan, tunda turmin bana shi ne na kakanni? Masu wannan magana siffa kawai suke kallo. Babu gungume biyu da suke ɗaya. Kafin gizago ya sauka, masassaƙi ya riga ya juya gungumen, ya ga inda ƙulli yake, ya yanke shawarar wane ɓangare ne zai zama baki. Ramin ya yi faɗi, gero ya riƙa tsalle waje. Ya yi zurfi, mai daka ta kwana da ciwon baya. Ƙotar fartanya kuwa tun a jikin bishiya ake hango ta, inda reshe ya tanƙwara da kansa, kamar yadda mai yin allo yake nufar aduwa. Kafinta yana da awo da ƙusa da manne, in ya kuskure ya gyara. Masassaƙi ragewa kawai yake yi, abin da gizago ya ɗauke ba ya dawowa, kuma a ganina daga nan haƙurinsa da ƙarancin maganarsa suka samo asali. Ba ya rubuta sunansa a jikin kaya, amma abokan sana'a suna gane hannun juna daga nesa.

Batun cewa injin niƙa da roba za su kashe sana'ar ba ya buƙatar dogon bayani. Roba ta kori akushi daga yawancin gidaje, gaskiya ne, sai dai har yau a turmi ake kirɓa fura da daka daddawa.

Zargin da ya fi nauyi shi ne na saran daji, kuma bai kamata a wanke masassaƙi tas ba. Ƙirya ba ta girma da sauri, wanda ya sare bai cika dasawa ba. Amma a auna: turmi ɗaya yana shekaru a tsakar gida, buhun gawayi kuwa kwanaki ne ya zama toka. Ga kuma halin da ake ciki. Dazuzzuka irin su Dumburum ta wajen Zurmi da Sububu sun zama mafakar 'yan bindiga, shiga neman icce ya koma sayar da rai. A 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, aka katse layukan waya, masu sana'ar hannu suka zauna da kayansu a gida. Da gungumen ƙirya ya yi tsada saboda wannan hali, jarabar ha'inci sai ta ƙaru, domin kuɗin turmin ƙirya da na icce mai laushi ba ɗaya ba ne, mai saye kuma ba kullum take iya bambancewa ba. Duk da haka akwai waɗanda in dattijuwar nan ta tambaya sukan ce, "A'a Inna, ba ƙirya ba ce," su rage mata kuɗi, su gaya mata ta ajiye shi a inuwa kada rana ta tsaga shi.