Ciwon Ƙugu Mai Sauka Ƙafa: Yaushe Ake Bukatar Fiɗa?

A Bugaje da ƙauyukan ƙasar Jibiya, da baya ake neman abinci. Da damina manomi yana sunkuye da fartanya tun safe har azahar. Da kaka 'yan dako suna ɗora buhunan gero da wake a mota. Mata kuwa ga jan guga, ga daka. Ran nan mutum ya sunkuya zai ɗaga buhu, sai ya ji abu ya soke shi a ƙugu. Bayan kwana biyu zafin ya bi ta ɗuwawu, ya gangara cinya har tafin ƙafa. Nan gida yakan rabu biyu. Waɗansu su ce a tafi asibiti, waɗansu su ce kul, wanda aka yanka a baya ba ya sake tafiya. Bari mu duba gaskiyar maganar.

A ƙugu akwai ƙasusuwa 5, ɗaya bisa ɗaya. Tsakanin kowane biyu akwai wani faifai na guringuntsi, mai tauri a waje, mai laushi a ciki, shi ke hana su gugar juna. Idan bayansa ya tsage, na cikin yakan bulbulo ya danne jijiyar da ke zuwa ƙafa. Shi ya sa ciwon yana ƙugu, amma ƙafa ke kuka. Yawanci faifai biyu na can ƙasa ne ke tsagewa, gama su ke ɗauke da nauyin jiki.

Abin farin ciki shi ne, kimanin mutum 9 cikin 10 sukan sami sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tare da wuƙa ba. Jiki da kansa yakan shanye abin da ya bulbulo. Abin da ake so shi ne maganin zafi daga hannun likita, da 'yar tafiya kullum, da motsa jiki yadda ma'aikatan sashen gashi suka koyar. Doguwar kwanciya ba ta taimako. Ƙaho da tsaga ba su kai inda jijiyar take, mai ɗori kuma ba shi da karayar da zai ɗora. A yi hattara da tiramol na bakin hanya, gama shansa yakan zama jaraba.

Amma akwai alamun da ba a kwana da su. Idan fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba mutum bai sani ba, ko ba ya iya riƙe bayan gida, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko ƙafa tana ƙara rauni har yana jan ta, to, a kama hanyar Katsina a ranar. Jijiyoyi da yawa ne suka matsu, likitoci kuwa suna so su buɗe musu cikin kwana ɗaya ko biyu. In an yi jinkiri, lahanin yana iya zama na har abada. Haka kuma ciwon baya da ya zo da zazzaɓi da rama da gumin dare, a bincika, domin tarin fuka yakan ci ƙashin baya, maganinsa kuwa dabam ne.

In ba gaggawa, ana maganar fiɗa ne idan zafin ƙafa ya wuce mako 6 bai lafa ba, hoton MRI kuma ya nuna faifan da ya danne jijiya. Hoton ƙashi na kullum ba ya nuna faifai.

Aikin ba sabo ba ne. A 1934 likitoci biyu a Boston ta Amurka, Mixter da Barr, suka bayyana cewa faifai ne ke kawo wannan ciwo, cire shi kuma yana warkarwa. A lokacin yanka mai tsawo ake yi. A 1977 Yasargil a Suwizalan da Caspar a Jamus suka nuna yadda za a yi da madubin likita mai ƙara girman abu. Yanka ba ya kai tsawon yatsa, a kau da jijiya gefe, a tsince guntun da ya fito kaɗai. Wannan ita ce hanyar da aka fi bi yau. Akwai kuma ta zura siririn bututu mai kyamara. Idan ramin jijiya ya ƙuntace, akan rage ƙashin da ya rufe shi. Haɗe ƙashi biyu da kusoshin ƙarfe kuwa sai in suna gocewa, yawancin masu tsagewar faifai ba su bukatarsa.

Me za a sa rai? Aikin ya fi maganin zafin ƙafa bisa ciwon baya. Wani bincike a ƙasar Holan a 2007 ya nuna waɗanda aka yi wa fiɗa da wuri sun riga samun sauƙi, amma bayan shekara ɗaya su da waɗanda suka jira kusan ɗaya suke. Yawanci mutum yakan taka ƙafarsa a ranar ko kashegari. Shanyewar ƙafafu saboda aikin abu ne da ba safai yake faruwa ba. Duk da haka rauni yana iya ruruwa, faifan kuma yakan sake tsagewa ga wajen mutum 1 cikin 10.

Daga Bugaje, a fara da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina. In da bukata za a tura mutum gaba, kamar Asibitin Ƙashi na Dala ko na Malam Aminu Kano a Kano, ko asibitin koyarwa na Shika a Zariya, ko na Sakkwato. A tafi da wani ɗan'uwa, a tambayi likita: Wane faifai ne? Wane irin aiki? In na jira, me zai faru? Nawa ne kuɗin duka?

Bayan an dawo gida, iyali da maƙwabta su ɗauke masa noma da dako har likita ya ba da izini. In ya koma aiki, ya durƙusa da gwiwa kafin ya ɗaga kaya, ya jawo su kusa da jiki. Babban buhu kuwa, a kama masa.